Darasin Iyali: Karanta wa Ƙananan Yara Littattafai Masu Hotuna

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9; Joshuwa 8:30-35; 2 Timoti 3:14-17
Ayar haddacewa: Karin Magana 22:6
Manufa: Iyaye su gane cewa karanta wa yaro littafi tun kafin ya shiga makaranta hidima ce da Allah ya danƙa wa gida, su kuma san yadda za su fara.

Gabatarwa

A gidajenmu na Jalingo, ko a Magami ne, ko Mayo Gwoi, ko Sabon Gari, ko Nukkai, iyaye suna ɗawainiya ƙwarai saboda ilimin 'ya'yansu. Akwai uwar da take sayar da gyaɗa domin ta biya kuɗin makaranta, akwai uban da yake cin bashi kafin albashi ya fito domin a ɗinka yunifom. Allah ya sāka musu. Duk da haka malaman makarantar Lahadi suna shaida mana cewa sau da yawa akan miƙa wa yaro ɗan aji biyar Littafi Mai Tsarki a ce ya karanta aya ɗaya, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru.

Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. A shekarar 2022 Bankin Duniya tare da UNICEF da UNESCO sun fitar da rahoto cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kimanin kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89. Ga Kirista wannan ya wuce zancen jarrabawa da neman aiki. Wanda bai iya karatu ba, dole ya dogara ga abin da wani ya gaya masa cewa Nassi ya faɗa, kuma a zamanin da masu koyarwar ƙarya suka yi yawa, wannan hatsari ne babba.

Darasinmu na wannan fitowa yana kan wani magani mai sauƙi da ke hannun kowane gida, wato babba ya zaunar da yaro kusa da shi, ya buɗe littafi mai hotuna, ya karanta masa da murya.

Abin da Nassi ya nuna mana

A Maimaitawar Shari'a sura 6, Musa bai fara ɗora nauyin koyar da yara a kan firistoci ko Lawiyawa ba. Iyaye ya fuskanta. Ya kuma ambaci lokutan da za a yi koyarwar: zaman gida, tafiya a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Duka lokatai ne na yau da kullum, waɗanda ba sa bukatar allo ko benci.

A Joshuwa sura 8, bayan an ci birnin Ai, Joshuwa ya tara jama'a ya karanta musu Shari'a duka da murya. Marubucin ya kula ya gaya mana cewa mata da ƙananan yara da baƙi suna cikin masu sauraro. Ba a ce a mai da yara gida sai sun yi wayo ba. Haka kuma a Nehemiya sura 8 Ezra ya yi karatu a gaban jama'a, Lawiyawa suna bayyana ma'ana domin mutane su gane. Karatu da bayani tare suke tafiya. A Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus ya ji baban nan na Habasha yana karanta littafin Ishaya, domin da murya yake karatun, sai ya zauna kusa da shi cikin karusa ya fahimtar da shi. Wannan shi ne ainihin abin da uwa take yi sa'ad da ta ɗora ɗanta a cinya da littafi a hannu.

Mu lura kuma cewa Allah da kansa yana koyar da yara ta wurin abin da ido yake gani. A Joshuwa sura 4 an ɗebo duwatsu 12 daga Urdun aka kafa su, domin in yara suka gani su yi tambaya, iyaye kuma su ba da labarin ƙetarewa. Idin Ƙetarewa ma, bisa ga Fitowa sura 12, an tsara shi ne yadda yaro zai tambayi ma'anarsa. Hoton da ke cikin littafin yaro yana yin aikin da duwatsun nan suka yi: yana jawo tambaya, tambaya kuma tana buɗe ƙofar koyarwa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a nan gani da ji suna taimakon juna.

Timoti ya zama misalinmu na ƙarshe. Bulus ya tuna masa cewa tun yana jariri ya san Littattafai masu tsarki, ya kuma ambaci kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Jariri ba ya karatu da kansa. Wani ne ya riƙa karanta masa.

Gādon da muka tarar

Littafin hoto na yara yana da tushe a cikin ikkilisiya. Wanda masana da yawa suke ɗauka shi ne na fari a Turai, wato Orbis Pictus, ma'ana duniya cikin hotuna, an buga shi a birnin Nuremba na Jamus a 1658. Mawallafinsa Yohanna Amos Komeniyus bishop ne na ikkilisiyar 'Yan'uwa ta Morabiya, a ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Cek. Ya zana abubuwan duniya, ya sa wa kowane abu lamba, ya rubuta sunansa da Latin da kuma Jamusanci, harshen da yaran suke ji a gida. Har baƙaƙe ma ya koyar da su ta wurin kukan dabbobi da tsuntsaye. Ra'ayinsa shi ne yaro ya ga abu tukuna, sa'an nan ya koyi sunansa.

A Ingila, Susana Wesli, mahaifiyar Yohanna da Calis Wesli, ita ta koya wa 'ya'yanta karatu a gida. Da yaro ya cika shekara 5 takan koya masa baƙaƙe, daga nan su buɗe surar fari ta Farawa. Ta kuma ware wa kowane yaro lokacinsa a mako domin su zauna su biyu. Na Yohanna shi ne daren Alhamis. Mace ce mai yara da yawa, ga talauci, ga gobara da ta taɓa cinye gidansu, amma ba ta bar wannan aiki ba.

A ƙasarmu ta Binuwai ma bishara da karatu tare suka shigo. Mishan ɗin SUM ya fara aiki a Wase a 1904, daga baya Ibi ta zama cibiyarsa. Rabaran Ginta ya buɗe aiki a Bambur a 1923. Johana Binstira ta yi hidima a Lupwe kusa da Takum har rasuwarta a 1933, koyar da karatu kuwa yana cikin manyan ayyukanta. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kakanninmu Wurkun da Jukun da Kuteb da Mumuye da sauransu suka dage suka koyi baƙaƙe, wasu da furfura a ka, domin su karanta Maganar Allah da kansu. Dattawanmu suna tuna manyan hotunan labarun Nassi da akan rataye a makarantar Lahadi. Abin kunya ne a ce jikokin waɗanda suka koyi karatu da fitilar aci-bal-bal su tashi ba su iya ba.

Me karatun yake yi wa yaro?

Na fari, yana cika masa rumbun kalmomi. Maganar gida ta yau da kullum gajeriya ce: zo, tashi, ci, bari. Littafi kuwa yana kawo kalmomin da ba a cika faɗa a tsakar gida ba, kamar jirgi, ambaliya, alkawari, makiyayi, jinƙai. Yaron da ya riga ya ji kalma da kunnensa, ran da ya gamu da ita a rubuce zai gane ta kamar tsohon aboki. Wanda bai taɓa jinta ba, ko ya haɗa baƙaƙen daidai, ƙara kawai ya yi ba tare da ma'ana ba.

Na biyu, yana nuna masa yadda littafi yake aiki. Ba a haifi kowa da sanin cewa rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, ko cewa ana juya shafi ɗaya bayan ɗaya, ko cewa baƙaƙen nan ƙanana su ne suke riƙe da maganar da Baba yake faɗa. Yaro yana tsintar waɗannan ne ta wurin kallon yatsan mai karatu.

Na uku, yana horar da shi ya natsu ya bi labari daga farko zuwa ƙarshe. Wannan natsuwa ita zai bukata a aji, ita kuma zai bukata a lokacin wa'azi.

Na huɗu, yana ɗaure zuciyarsa da ta iyayensa. Yaron da ya saba jin muryar ubansa cikin labari da dariya, ba cikin tsawa kaɗai ba, zai fi sauƙin kawo masa damuwarsa in ya girma.

Masana sun tabbatar da waɗannan. A 1985 wani kwamitin masana ilimi a Amurka ya bayyana cewa karanta wa yara da murya shi ne aiki mafi muhimmanci wajen shirya su su iya karatu. A 1988 Farfesa Groba Waithas da abokan aikinsa suka koya wa iyayen yara 'yan kimanin shekara 2 su riƙa yi wa yaran tambayoyi a kan hotuna maimakon karatu kawai. Bayan wata ɗaya yaran sun fi takwarorinsu iya furta magana. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa yaro tun yana jariri.

"A sake, Mama!"

Kowace uwa da ta gwada ta san wannan. An gama littafi, yaro ya ce a sake. Gobe ma shi zai ɗauko, jibi ma haka, har bangon ya yage. Babba yakan gaji, ya ce ai mun karanta wannan, kawo wani. Kada mu hana shi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Sases ta Ingila sun gwada yara 'yan shekara 3. Waɗanda aka maimaita musu labari guda sun riƙe sababbin kalmomi fiye da waɗanda aka karanta musu labaru dabam dabam masu ɗauke da kalmomin nan. Dalilin a fili yake. A karo na fari hankalin yaro yana kan abin da zai faru. A karo na biyu da na uku, da yake ya san ƙarshen labarin, hankalinsa yana da sarari ya kama kalmomi da ƙananan abubuwan da ke cikin hoton.

Mu ma haka muke. Sau nawa muka ji labarin haihuwar Almasihu? Duk Kirsimati muna sake jinsa, kuma ba mu ƙoshi ba. Kakanninmu ba su taɓa ƙin maimaita tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi don an ji ta jiya ba. In yaro ya fara ƙarasa miki jimla kafin ki kai ƙarshe, ko ya riƙe littafin yana "karanta" wa ƙanensa daga ka, ki yi murna, ya taka matakin fari.

Yadda za a yi

A zaɓi lokaci guda a riƙe shi, ko da minti 10 ne. Bayan tuwon dare kafin addu'ar iyali ya fi dacewa da gidaje da yawa. A lokacin zafin Maris da Afrilu, sa'ad da ɗaki ba ya zaunuwa, a shimfiɗa tabarma a waje tun da sauran haske. Da yayyafi kogi kan cika.

A zaunar da yaro inda zai ga hoton sosai, a bar shi ya taɓa, ya juya shafi. A fara da bango: me ka gani a nan? Me kake tsammani zai faru? Ga ɗan shekara 1 ko 2, nuna abu da faɗin sunansa ya isa: ga tunkiya, ga kifi, ina wata? Ga ɗan shekara 3 zuwa 5, a yi tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a: don me yaron nan yake kuka? Da kai ne, me za ka yi? In ya amsa da kalma ɗaya, a ƙara masa. Ya ce "jirgi," sai a ce, "I, babban jirgin Nuhu ne, dubi dabbobi suna shiga biyu biyu."

A haɗa labarin da abin da ya sani. Masuntan Galili suna gyaran taru kamar masuntan Lau da Ibi. Mai shuka ya fita shuka kamar yadda Kaka yake fita gonar doya a Zing ko Yorro. Makiyayi yana neman tunkiyarsa kamar makiyayan da muke gani a bakin Lamurde.

A sāke murya: ta Goliyat dabam, ta Dawuda dabam. Ba raini ba ne ga uba ya yi kukan zaki domin ɗansa. In yaro ya gaji, a rufe littafi ba tare da faɗa ba. Kada a mai da lokacin ya zama jarrabawa, kada kuma bulala ta kusanci wurin. Yaron da ya haɗa littafi da duka zai guje shi har girmansa.

Wane harshe, wane littafi?

Jihar Taraba tana cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Nijeriya. A gida ɗaya a Jalingo za a iya samun uba Mumuye, uwa Jenjo, yara suna wasa da Hausa, makaranta kuma tana koyarwa da Turanci. Shawararmu ita ce a karanta da harshen da yaro ya fi ji. In littafin na Turanci ne, a karanta jimlar, sa'an nan a ba da labarin hoton da Hausa ko da harshen gida. Wannan ba ya hana yaro iya Turanci. Wanda ya fahimci ma'anar alkawari da harshen uwarsa, sabon suna kawai zai koya a makaranta. Ta haka ne kuma harsunanmu za su rayu a bakin jikoki.

Wajen zaɓe, a nemi littafi mai manyan hotuna da rubutu kaɗan. Labarun Littafi Mai Tsarki su zama na fari, amma ba su kaɗai ba. Littafin dabbobi, na ƙirga, na kasuwa, na tatsuniya mai koya gaskiya, duka suna da amfani, gama duniya ta Ubangiji ce. In yara sun ɗan tasa, tsofaffin littattafan Zariya irin su Ka Koyi Karatu, da kuma Magana Jari Ce na Abubakar Imam, suna da daɗin ji in babba ya zaɓi labarin da ya dace da shekarunsu.

Gargaɗi biyu. Ba kowane littafi mai hoton Yesu ba ne yake koyar da bangaskiyar da muka karɓa. A duba waɗanda suka wallafa, in akwai shakka a nuna wa fasto. Sa'an nan a gaya wa yaro cewa hoto zane ne na ɗan adam domin taimakon tunani. Ba wanda ya san kamannin fuskar Ubangijinmu, ba Bature ba ne, kuma ba a yi wa hoto sujada.

Uzuran da mukan kawo

"Ban yi makaranta ba." Mama, littafin hoto ba ya ƙin wanda bai iya baƙaƙe ba. Kin san labarin Yusufu da 'yan'uwansa tun daga zumuntar mata. Buɗe hoton ki ba da labarin da bakinki. In akwai yayan yaron da ke firamare, ya karanta, ke ki yi bayani.

"Littafi ya yi tsada." Gaskiya ne. Amma littafi ɗaya da aka karanta sau 50 ya fi guda 10 da ke kulle cikin akwati. Ana iya yin littafi a gida: a yanka kwali, a manna hotunan tsohuwar kalanda, a rubuta kalma ɗaya ko biyu a ƙarƙashi da manyan baƙaƙe, a ɗinke da zare. Masu babbar waya kuma su sani akwai shirin African Storybook, wanda aka buɗe a intanet a 2014 daga Afirka ta Kudu, mai ɗauke da littattafan hoto kyauta cikin harsunan Afirka da yawa har da Hausa. Ana iya bugawa a takarda a raba.

"Ai yana kallo a waya." Waya tana magana, amma ba ta jin amsar yaro, ba ta kuma san inda ya ruɗe ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a sa yaro ɗan ƙasa da shekara 2 kallon allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce sa'a ɗaya a rana. Ta ce a lokacin zama gara karatu da ba da labari tare da babba.

"Aikin mata ne." Afisawa 6:4 da ubanni take magana. Ɗa namiji da bai taɓa ganin littafi a hannun ubansa ba zai ɗauka karatu ba na maza ba ne. Uban da yake da sa'a biyu na kallon ƙwallo yana da minti 10 na ɗansa.

Rabon ikkilisiya

Ikkilisiya ba za ta ɗauke wa gida wannan aiki ba, amma za ta iya tallafa masa. Kowace majami'a tana iya ajiye akwati ɗaya na littattafan yara, a ba da aro ran Lahadi a dawo da shi Lahadi mai zuwa, wani amintacce yana rubuta sunaye. Zumuntar mata tana iya ware taro ɗaya a nuna wa iyaye mata yadda ake yi. Matasa masu iya zane su taimaka wajen yin littattafai da harsunanmu. In an je barka ko bikin suna, a haɗa ɗan littafi da sabulun da aka saba kaiwa. Kada kuma a manta da marayu da yaran iyalan da rikici ya raba da ƙauyukansu suka zo zama a cikinmu. Su ma suna bukatar cinyar da za su zauna a kai su ji labari. Ubangiji Yesu, bisa ga Markus sura 10, ya ji haushi sa'ad da almajirai suka hana yara zuwa wurinsa, ya rungume su ya sa musu albarka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga Maimaitawar Shari'a 6:6-7, wa aka ba aikin koyar da yara, kuma a waɗanne lokatai? Wanne ne cikinsu ya fi dacewa da gidanku?
2. Me ya sa Joshuwa bai ware ƙananan yara daga taron karatun Shari'a ba?
3. Wane uzuri ne ya fi hana ku karanta wa 'ya'yanku, kuma yaya za ku kawar da shi a wannan mako?
4. Da wane harshe yaranku suka fi fahimtar labari? Kuna amfani da shi wajen koya musu Maganar Allah?
5. Wane yaro ne a unguwarku ba shi da mai karanta masa, wanda za ku iya gayyata?

Aikin wannan wata uku: Kowane gida ya nemi littafi ɗaya ko ya yi nasa, a karanta wa yara kowace rana, a kuma kawo rahoto a taron addu'a na unguwa.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka ba mu haƙuri da ƙwazo mu zauna da su, mu buɗe musu littafi, mu kuma buɗe musu Maganarka. Ka sa su tashi da sanin Littattafai masu tsarki tun suna ƙanana kamar Timoti, su iya karantawa da kansu, su rarrabe gaskiya da ƙarya. Ka tuna da marayu da waɗanda ba su da mai koya musu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.